Darasi na Tara: Yawon Buɗe Ido da Ɗaukar Hoto Daga Garwa Zuwa Kewayenta

Manufar darasi

Idan aka kammala wannan darasi, ɗalibi zai iya:

1. Ambata wuraren da ake zuwa kallo a Garwa da kan manyan hanyoyinta biyu.
2. Zaɓen wurin da ya dace da kowane lokaci na shekara.
3. Ɗaukar hoto mai kyau da wayar hannu.
4. Bayyana ladabin ɗaukar hoto da wuraren da aka hana.
5. Lissafa kuɗin tafiya kafin a tashi.

Gabatarwa

Yawancinmu mazauna unguwar Pumpumre a Garwa mun sha bin hanyar Marwa da ta Ngaundere, sai dai biki ne ke kai mu, ko ta'aziyya, ko sarin kaya. Mota na gudu muna gyangyaɗi, duwatsu da koguna suna wucewa ta taga, ko sunansu ba mu tambaya. Alhali kuwa akwai masu biyan kuɗin jirgi tun daga Turai don su zo su ga waɗannan wurare. Mu da ke kusa, kuɗin mai da guzuri kaɗai muke bukata.

Abin da darasin nan zai koya mana shi ne, kowane wuri yana da lokacinsa a shekara, yana kuma da sa'arsa a yini. Wanda ya san haka zai ga abin da ya fito gani, ya dawo da hoton da zai yi alfahari da shi. Wanda bai sani ba zai ƙona mai, ya je ya tarar da ƙofa a rufe ko hanya a yanke.

1. A fara duba lokaci

Babban hutun 'yan makaranta a Kamaru yakan fara a watan Yuni ya ƙare a farkon Satumba. Shi ne lokacin da iyali ke samun sukunin fita tare, kuma ya faɗo a tsakiyar damina. A ƙasar Garwa ruwa yakan sauka daga wajen Mayu zuwa Oktoba, ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba.

Damina tana da nata alheri. Ruwa ya wanke ƙura, sama ta yi tas, duwatsu sun yi kore, ana hango nesa. Amma hanyoyin da ba kwalta sukan zama laka, kuma rafin da aka tsallake da ƙafa da safe yana iya cika ya kawo da yamma, ko da ba a yi ruwa a wurin ba, domin ruwan daga kan duwatsu yake gangarowa.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hanya ta bushe, ga sanyi mai daɗin tafiya, sai dai hazon hunturu yakan dushe duwatsu a hoto. A Maris da Afrilu kuwa zafin Garwa yakan haura digiri 40, tafiya da yara ta yi wuya. Amma a lokacin ne aka fi ganin namun daji, saboda ciyawa ta kwanta, ruwa ya janye, dabbobi sun taru a bakin kogi.

Ƙa'idar da za mu riƙe ke nan: da damina a bi kwalta, a nemi tuddai da ruwa mai zubowa; da rani a shiga daji da kwazazzabai.

2. Cikin gari da bakin gari

Yawon ya fara daga gida. Babban Masallacin Pumpumre na cikin gine-ginen da baƙo ke fara tambaya. An fi samun hotonsa da hantsi ko bayan La'asar, daga nesa kaɗan yadda hasumiya za ta shigo gaba ɗaya. Ba a ɗaukar mutane suna cikin salla.

Daga nan sai filin wasa na Rumde Ajiya, wanda aka gina a 1978 aka kuma sabunta shi don gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2022. A nan Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema ranar 11 ga Janairu, a nan kuma Tunisiya ta fitar da ita ranar 23 ga watan. Mutanen Yola da Kano da suka zo kallo ba su manta da garin ba. Garwa ce kuma gidan ƙungiyar Coton Sport, wadda ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008.

Kogin Binuwai shi ya yi Garwa. A da, idan ruwa ya cika da damina, jiragen ruwa kan hauro daga Najeriya har tashar garin, su sauke kaya su ɗauki auduga da gyaɗa. Yau masunta da masu wanki da masu ɗibar yashi ne ke bakin kogin. Da rani za ka ga fararen tsibiran yashi, da damina kuwa ruwa ja ne daga gaɓa zuwa gaɓa. Akwai dorina a cikinsa, kuma dorina ba abokiyar wasa ba ce. Tana kifar da kwalekwale, a tudu ma ta fi mutum gudu. Daga kan gaɓa ake kallonta.

A arewa da gari akwai duwatsun Tingilin masu shimfiɗaɗɗen kai, ƙasar ƙabilar Fali tun kafin zuwan Fulani. Wanda ya hau da sassafe zai hango gari da kogi da gonaki a ƙasa. A gabansu kaɗan, kimanin kilomita 15 daga Garwa, akwai Pitowa mai kasuwar Lahadi. Duk waɗannan ana iya zagaya su a yini ɗaya, ko da damina.

3. Hanyar arewa

Garwa zuwa Marwa ya ɗan haura kilomita 200 a kan babbar hanya mai lamba 1. Zango na farko da ya cancanci ratsewa shi ne Gidar. A mararrabar Sorawel ake barin babbar hanya. 'Yan kilomitoci daga garin Gidar akwai kwazazzabon Kola, inda kogin Mayo Luti ya daɗe yana cin dutse har ya sassaƙa lunguna masu zurfi, bangonsu baƙi-baƙi sumul. Da rani ana sauka ciki a taka yashi, a bi lungu-lungu tare da ɗan jagora daga ƙauyen. Da damina ruwa ne ke cike da su, yana tafe da ƙarfi, kuma dutsen yana da santsi. Wanda ya je a lokacin ya tsaya daga sama, ya riƙe hannun yara. A cikin kwazazzabo dai hasken hantsi ya fi, domin da sassafe ko da yamma duhu ke rufe ƙasan.

Idan aka dawo kan babbar hanya sai Figil, garin farar ƙasa da kamfanin siminti. A gaba da shi akwai ƙauyen Bidzar, inda mutanen dā suka zana ɗaruruwan siffofi a kan fararen duwatsun da ke shimfiɗe a ƙasa, yawancinsu da'irori ne, wasu a cikin wasu. Masu bincike sun fara rubutu a kansu tun shekarun 1930. Fasa dutse don siminti da kwalliyar gini ya ci wasu daga cikinsu. Saboda haka ba a taka su, ba a bin zanen da alli ko gawayi wai don ya fito a hoto. A jira rana ta karkata, inuwa za ta shiga cikin zanen ta fito da shi da kanta.

Kafin a isa Marwa ana hango dutsen Mindif ta gabas, tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili. A Marwa kuwa kasuwar masu sana'ar hannu ce abin zuwa, wurin dukawa da masaƙa da maƙera. Daga can mutum na iya nufar gabas zuwa Maga, ya wuce Pus da ke bakin kogin Logon, ya ga ɗakunan ƙasa na ƙabilar Musgum masu tsini, waɗanda ake ginawa ba itace ba ƙarfe, da zane a jiki wanda ke zama matakala ga mai yaɓe, ya kuma raba ruwan sama.

Ta yamma akwai duwatsun Mandara da ƙauyen Rumsiki, inda tsaunukan da suka rage daga aman wuta na zamanin dā suke tsaye cirko-cirko a cikin kwari. Hotonsu da faɗuwar rana na cikin hotunan Kamaru da aka fi sani a duniya. A waɗannan duwatsu ne kuma ake da tsofaffin gine-ginen dutse na Diy-Gid-Biy, waɗanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2025, kamar yadda ta sa Sukur da ke tsallaken iyaka a Najeriya tun 1999. Sai dai tun daga 2013 rikicin Boko Haram ya taɓa yankunan da ke bakin iyaka, har da kewayen gandun dajin Waza. Kada a nufi can sai an tambayi hukuma da direbobin da ke bin hanyar a wannan makon. Labarin bara ba ya aiki a irin wannan tafiya.

4. Hanyar kudu

Wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da babban hutu. Bayan an haye gadar Binuwai, a wajen Ngong ake ratsewa gabas zuwa Lagdo. Ƙasar Sin ce ta gina madatsar ruwan tsakanin 1977 da 1982. Tana da injuna huɗu masu ƙarfin megawat 72, kuma daga nan wutar da muke kunnawa a Garwa ta daɗe tana zuwa. Tafkin da ya taru a bayanta ya kusa murabba'in kilomita 600. Ya jawo masunta daga wurare da dama, Hausawa da Musgum da Kotoko da wasunsu, a ƙasansa kuma ana noman shinkafa da ruwan da ake saki. Idan ruwa ya yi yawa aka buɗe ƙofofi, ƙauyukan bakin Binuwai sukan sha ambaliya tun daga nan har cikin Najeriya, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022.

Abin kallo a Lagdo shi ne tsibirai da manyan duwatsun da ke cikin ruwa, inda rema ke shan hantsi, da dawowar masunta da safe. Wanda zai shiga kwalekwale ya duba sama tukuna. Iskar hadari takan taso farat ɗaya a kan tafki, kuma kada a yarda a cika jirgi fiye da kima.

Daga Ngong zuwa kudu hanya tana bin gefen gandun dajin Binuwai. Sau da yawa za a ga birai zaune a bakin kwalta. A rage gudu, a ɗauke su ta taga, kada a jefa musu abinci, domin shi ke sa su saba da hanya mota ta take su. Bayan garin Mbe sai wani hawan dutse mai lanƙwasa da direbobi ke shakka. Nan ne ake barin kwarin Binuwai a hau tudun Adamawa. Ba a tsayawa a kan kwana don hoto, saboda manyan motoci na gangarowa da kaya. A bari sai an kai inda fili ya buɗe, a fitar da mota daga kwalta gaba ɗaya.

Ngaundere tana kimanin kilomita 280 daga Garwa, tana kuma bisa tudu da ya haura mita 1,000, shi ya sa mutumin Garwa ke neman rigar sanyi a can ko a watan Yuli. Akwai fadar Lamido mai manyan zaurukan ciyawa, da tashar jirgin ƙasa inda layin dogo daga Yawunde ya tsaya tun 1974, da dutsen da ke kallon gari, da tafkin Tizon a cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta. Sai kuma wuraren da ruwa ke zubowa daga kan dutse: na kogin Vina yana kusa da gari ta hanyar Maiganga, na Tello kuwa yana da nisa ta gabas, kuma hanyarsa takan yi wuya idan an yi ruwa. Da damina suka fi cika da ban sha'awa.

5. Gandun daji da Rai Buba: a bari sai rani

Jihar Arewa, inda Garwa take, tana da manyan gandun daji uku. Na Binuwai, mai faɗin hekta 180,000, da na Buba Njidda, mai hekta 220,000, sun zama gandun ƙasa a 1968. Na Faro, wanda ya fi su girma, ya biyo baya a 1980. A cikinsu akwai ɓauna, gwanki, kanki, mariya, gwambaza, raƙumin dawa, zaki, kada da dorina. A 2012 mafarauta a kan dawaki suka shiga Buba Njidda suka kashe ɗaruruwan giwaye saboda haure, abin da ya sa aka tsaurara tsaro. Garwa kuma ita ke da makarantar horar da ma'aikatan kula da namun daji, wadda aka buɗe a 1970, ɗalibai na zuwa mata daga ƙasashen Afirka da dama.

Baƙi kan shiga waɗannan dazuzzuka ne daga wajen Disamba zuwa Mayu. Ana biyan kuɗin shiga, kuma ba a yawo sai da jagora. Ba a sauka daga mota sai ya ce a sauka.

Hanyar Buba Njidda tana ratsewa daga mararrabar Gijiba ta bi ta Cholire. A wannan yanki ne garin Rai Buba yake, masarautar da Buba Njidda, wanda gandun ya ci sunansa, ya kafa a farkon ƙarni na 19, mai fada kewaye da doguwar ganuwar ƙasa. Wuri ne mai tsananin kiyaye al'ada. Baƙo yakan nemi iso, ya tuɓe takalmi inda aka ce, kuma ba ya ɗaga waya sai dogarai sun ba shi izini.

6. Yadda ake samun hoto mai kyau

Ba sai da babbar kyamara ba. Wayar da ke aljihunka ta isa, in ka kiyaye waɗannan:

- Goge idon kyamara da ƙyalle mai taushi. Ƙura da maiƙon hannu su ke sa hoto ya yi dishi-dishi.
- Ɗauki hoto daga fitowar rana zuwa hantsi, ko daga La'asar zuwa Magariba. Rana tsaka tana ƙona launi, tana sa duhu a idon mutane.
- Rana ta kasance a bayanka ko a gefenka. In tana bayan wanda kake ɗauka, fuskarsa za ta yi baƙi.
- Riƙe waya da hannu biyu. Kwantar da ita in fili ko kogi za ka ɗauka, tsayar da ita in hasumiya ce ko mutum ɗaya.
- Daidaita layin da sama ta haɗu da ƙasa, kada kogi ya fito a karkace.
- Sa mutum a gefe ɗaya na hoton dutse, don mai kallo ya gane girmansa.
- In abu na da nisa kuma babu haɗari, matsa da ƙafarka. Jawo shi da yatsa yana ɓata hoto.
- Da damina ka ajiye waya a leda, ka cika ta da caji kafin ka bar gari.
- Da dare ka rubuta sunan wurin da ranar da aka je. Bayan shekara biyu duwatsu duk kama suke yi wa mutum.

7. Ladabi da doka

Dutse ba ya hana a ɗauke shi, amma mutum yana da haƙƙi a kan fuskarsa. Wasu ba sa son hoto saboda addini, wasu saboda kunya, wasu kuma sun gaji da baƙin da ke ɗaukar talaucinsu su tafi da shi. Sallama ake fara yi, a gaisa, sannan a roƙa. Ba a ɗaukar matar aure ba da yardarta ba, ko yaro ba da sanin iyayensa ba, ko maras lafiya, ko masu wanka a rafi. Wanda ya yarda a ɗauke shi ba lalle ne ya yarda a sa shi a Facebook ko WhatsApp ba, wannan tambaya ce ta daban. In za a biya wani abu, a yi magana tun kafin a ɗauka. A ƙauyuka da yawa Fillanci ne harshen kasuwa, sai a sa wanda ya iya ya yi gaisuwar.

Ku karanta wannan hira bibbiyu:

Saurayi: Salamu alaikum. Inna, barka da kasuwa.

Dattijuwa: Wa alaikumus salam. Barka kadai, ɗana. Tukunya za ka saya?

Saurayi: Zan ɗauki ƙaramar nan. Inna, in ba damuwa, ina so in ɗauki hoton tukwanen, aikin ya burge ni.

Dattijuwa: Tukwane dai ɗauki abinka. Amma ni kada ka sa ni ciki.

Saurayi: To Inna, ba zan sa ki ba. Ga shi ki duba, kaya ne kawai suka fito.

Dattijuwa: Madalla. Allah ya yi maka albarka, ya kai ku gida lafiya.

Akwai kuma wuraren da jami'an tsaro ba sa yarda a ɗauka: barikin soja, filin jirgin sama, shingen jandarma da 'yan sanda, gidajen gwamnati, da wurin injunan madatsar Lagdo. Gada ma a tambaya tukuna in akwai masu gadi. Wanda ya yi gaban kansa ana iya karɓe wayarsa, ya wuni yana ba da haƙuri. Matambayi ba ya ɓata.

8. Shiri kafin a tashi

A kai mota wurin makaniki ya duba birki, taya, fitila da abin share gilashi. Kowane babba ya riƙe katin shaidarsa, direba ya haɗa takardun mota, a tanadi canji saboda shingayen biyan kuɗin hanya. A ɗauki ruwan sha, gidan sauro da maganin da likita ya rubuta wa mai ciwo. A tashi bayan Asuba, a sauka kafin Magariba, domin ramuka da shanu da masu tare hanya duk da dare suka fi ɓarna. A wasu dazuzzukan Mayo Rai, yankin da Rai Buba yake, an sha fama da masu satar mutane don kuɗin fansa, saboda haka ba a ratse daji ba tare da ɗan gari ba. In aka tarar ruwa ya hau kan hanya, a jira ya janye ko a juya. A ƙarshe, a gaya wa wani a gida inda aka nufa da ranar dawowa.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a sauka cikin kwazazzabon Kola da damina?
2. A wace shekara aka gama madatsar Lagdo, kuma wane amfani da wace illa take da su?
3. Ambaci gandun daji uku na Jihar Arewa. Wane lokaci ya fi dacewa a ziyarce su, kuma don me?
4. Kawo wurare huɗu da ba a ɗaukar hotonsu.
5. A cikin hirar, me saurayin ya yi da ya sa dattijuwar ta sa masa albarka?

Lissafi

Garwa zuwa Ngaundere kimanin kilomita 280 ne. A ce mota tana shan lita 10 a kowane kilomita 100, a ce kuma lita ɗaya sefa 850 ce.

1. Kilomita nawa ne zuwa da dawowa?
2. Lita nawa za a sha?
3. Nawa ne kuɗin man?
4. In mutum 7 za su raba daidai, nawa kowa zai biya?

Aikin rukuni

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya tsara tafiyar kwana biyu daga Pumpumre a watan Agusta: inda za a tsaya, ƙarfe nawa, inda za a kwana, da wurin da aka bari sai rani tare da dalili.

Aikin gida

Ɗauki hoton wuri ɗaya a unguwarku sau biyu, da rana tsaka da kuma bayan La'asar. Rubuta jimla biyar a kan bambancin da ka gani, ka zo da su aji mako mai zuwa.